Sodangi da Motar Asabari

Sodangi mutumin Kwalkwalawa ne, hayin gulbi, inda ake noman shinkafa da damina, in rani ya yi kuma maza su zauna a inuwa suna saƙar asabarin ƙofar ɗaki da jemar da suka yanko a fadama. Ubansa masaƙin asabari ne, wansa Mode ma haka. Shi kaɗai ne hannunsa ya ƙi zama wuri ɗaya. Ya iya saƙar sarai, amma da ya ji ƙugin wani abu daga nesa sai ya yar da aikin ya miƙe tsaye. Ranar da ya fara ganin mota, shekara ashirin da 'yan kai bayan zuwan Nasara, ya bi ta da gudu tun daga mashaya har ƙofar gari, ya dawo gida ba hula. Mode ya ce gemai-gemai da shi ya zubar musu da mutunci. Ba a yi wata biyu ba Sodangi ya tattara nasa ya nasa ya koma birni.

A Sakkwato ya sha wuya, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Ya yi shekara uku a garejin wani kamfanin sayen fatu, yana ɗibar ruwa, yana wanke ƙarafa, yana satar kallon hannun masu gyara. Karatun boko ko ɗigo babu, sai dai Allah ya ba shi kunne da hanci. Inji na kuka zai karkata kai ya ce ga inda ke ciwo, a buɗe kuwa a tarar haka ne.

Da haka Malam Attahiru ya ji labarinsa. Malam ɗan gidan malamai ne da ya haɗa karatu da fataucin fatu, ya sayi tsohuwar mota wajen wani Bature mai komawa gida. Mota ce mai rufin tamfol, da labulen tamfol a gefe da ake ɓallawa da maɓallai in ruwa ya sauko, gilashin gabanta kuma ana tura shi ya buɗe. Sodangi ya zama direbanta, ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Matarsa ma ta sha cewa in ana rabon goga da lallashi, motar ake fara ba.

Mutum ɗaya ce a gidan Malam ba ta taɓa ko leƙa motar ba, wato mahaifiyarsa Hajjo. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, mai karantar da matan unguwa a cikin gida. Tun da aka kawo ta gidan tana amarya, rana ba ta taɓa ganin ta a kan hanya ba, haka al'adar gidansu take. Tana da ƙanwa guda da ta rage mata a duniya, Iyatu, wadda ke aure a Gwadabawa. Rabonsu da ganin juna shekara goma sha ɗaya.

Wata rana cikin tsakiyar bazara, da hantsi, sai ga manzo daga Gwadabawa a kan raƙumi, jikinsa sharkaf da gumi. Ya ce jikin Iyatu ya tsananta, ta daina cin abinci, ba abin da take yi sai kiran sunan yayarta, masu jinya kuma ba su ga alamar za ta kai jibi ba. Malam ya ce to a shirya, in rana ta faɗi a tashi, kamar yadda aka saba in mace za ta fita. Ba a jima ba saƙo ya fito daga cikin gida: Hajjo ta ce yanzu za ta tafi, in ba mota za ta taka da ƙafarta.

Nan fa gida ya rikice. Wannan na neman buta, wancan na ɗaure ƙunshi, Sodangi kuwa farin ciki ya cika shi har bai san sau nawa ya goge kujerar baya ba. Yau Hajjo da kanta za ta shiga motarsa. Malam ya tsaya a kai aka ɓalle labulen tamfol ɗin nan kaf, ya sa aka rataya gwado tsakanin gaba da baya, inda maɓalli ya bar 'yar kafa kuma aka cusa tsumma. Sodangi ya duba, ya sosa ƙeya.

Ya ce, “Allah shi gahwarta Malam, in anka toshe ta haka, ina iska za ta bi?”

Malam ya ce, “Uwata ta za ta shiga, Sodangi, ba ɗaurin hwatu ba.”

Sodangi ya shiga ya tayar da inji. Ya matso da motar har bakin zaure, maza suka juya baya, Hajjo ta shiga, aka ɓalle maɓallin ƙarshe.

Suka fita gari, suka gangara mashaya, suka haye gulbi, ruwan bai wuce idon sawu ba. Tun daga gida Hajjo ke karatu a bayan gwado, muryarta na fita tar. Sodangi yana tuƙi, kunnensa ɗaya na kan inji ɗaya na kanta. Da suka hau tudu sai ya ji karatun ya fara ja. Can ya ji ya tsinke a tsakiyar aya. Hajjo kuwa ba mai yanke aya ba ce. Ya taka birki da ƙarfi har rawanin Malam ya zamo.

Malam ya zura kai bayan gwado, ya fito fuskarsa ta sauya. Tsohuwa ta langaɓe a kujera, gumi ya jiƙa ta, ana kiranta ba ta amsawa sosai. Allah ya taimaka Kwalkwalawa na kusa. Sodangi ya karya kan mota ya ratse, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan Mode, gidan da ya yi shekara huɗu bai taka ba. Matan gidan suka fito da zannuwa suka yi katanga, suka ɗauke ta zuwa ciki, suna yi mata fifita suna shafa mata ruwa. Bayan ɗan lokaci aka leƙo aka ce ta farfaɗo, kuma maganarta ta farko ita ce ko an iso Gwadabawa.

Malam ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Ya ce tafiya ta ƙare, mota ba abin hawan tsofaffi ba ce, ba zai kashe uwarsa a hanya don ta ga mai mutuwa ba. Maganar ta soki Sodangi. Ya san in aka juya, 'yan'uwan nan biyu sun rabu ke nan har abada, kuma motarsa ce za a ce ta raba su. Ya roƙi Malam ya ba shi gwargwadon lokacin da za a dafa shinkafa, kafin ya yanke magana.

Ya tayar da inji ya bar shi yana aiki. Ya shiga baya ya zauna daidai inda Hajjo ta zauna, ya ce wa Mode, wanda ya fito ya harɗe hannu yana kallo, ya ɓalle shi a ciki. Mode ya ɓalle shi da murna. Sodangi ya zare zare ɗaya daga bakin rigarsa ya riƙe shi a sama. Zaren ya tsaya ƙyam, ko motsi. Sai ya ji tafin ƙafarsa na ɗaukar zafi ta cikin takalmi. Ya sunkuya ya shinshina katakon ƙasa, wani wari mai ɗaci ya daki hancinsa, kansa ya fara sarawa. Ya buga tamfol ya ce a buɗe.

Da fitowarsa ya kashe inji ya shige ƙarƙashin mota. Ga shi nan kuwa, bututun salansa mai fitar da hayaƙi ya tsage a mahaɗa, daidai ƙarƙashin kujerar baya, ya yi baƙi wurin. Wata nawa yana haka, Allah kaɗai ya sani, don kullum a buɗe suke tafiya, iska na kwashe hayaƙin. Yau da aka toshe ko'ina sai ya sami ɗaki ya zauna. Sodangi ya fito yana dariya shi kaɗai, fuska duk baƙin hayaƙi.

Ya ce, “Malam, na gane abin da yak kada Inna. Ba tahiya ta ba. Hayaƙi na, da rashin iska, kuma dut biyun ina da maganinsu.”

Na farkon bai ba shi wuya ba. Ya fasa gwangwanin kananzir, ya naɗe tsagar, ya ɗaure da waya, ya dandaƙa lakar fadama ya shafe. Ƙarfen bai gama hucewa ba, ya ƙone shi a yatsu biyu, bai ma lura ba sai daga baya. Ya liƙe tsagogin katakon ƙasa da sauran lakar, ya shimfiɗa buhu a kai. Na biyun ne aiki. Da ya ce sai an cire tamfol ɗin gefe gaba ɗaya, Malam ya miƙe.

“Ko da za mu koma gida, ba ni barin mutanen hanya su ga Inna.”

Sodangi bai yi musu ba, don ya san ba taurin kai ba ne, kuma Hajjo da kanta ba za ta yarda ba. Ya tsaya yana zare ido, sai ganinsa ya faɗa kan sababbin asabarai da Mode ya jingina a bango, na kai wa kasuwa. Ya dubi wansa, wansa ya dube shi. Shekara huɗu ba su yi maganar kirki ba, amma Mode ya riga ya gane.

Mode ya ce, “Ashe dai sana'ar tsoho ba ta ƙare maka ba. Nawa kaka so?”

Uku Sodangi ya ɗauka. Su biyu suka tsuguna, Mode na yanka daidai awo, Sodangi na kitse baki don kada ya warware, hannun nan da ya ƙi zama yana gudu kamar jiya ya bari. Suka ɗaura biyu a gefe a madadin tamfol, na ukun ya maye gurbin gwado. Sodangi ya tura gilashin gaba ya buɗe. Sa'an nan ya shiga baya ya zauna, ya ce Malam ya tsaya a waje ya faɗi yatsu nawa ya ɗaga. Malam ya zagaya ta dama, ya zagaya ta hagu, ya sunkuya, har ya kanne ido ɗaya ya manna fuska, ga mutanen gari sun taru suna ƙunshe dariya. Ya miƙe ya gyara rawani ya ce bai ga komai ba. Sodangi ya ce shi kuwa daga ciki har furfurar gemun Malam yana ƙirgawa.

Aka kwarara wa asabaran ruwa har suna ɗiga, aka cika salka biyu aka rataya. Mata suka sake yin katangar zannuwa, Hajjo ta shiga. Mode ya ƙi karɓar komai, ya ce su dai su yi sauri.

Kai, tafiyar nan ta yi daɗi. Da mota ta ɗauki gudu, iskar bazarar nan mai ƙona fuska ta riƙa ratsa jiƙaƙƙiyar jema tana shiga da sanyi da ƙamshin ciyawa. Matsalar guda ce, rana na busar da asabari nan da nan. Saboda haka Malam Attahiru, mutumin da ake durƙusa wa a gaishe shi a kasuwa, ya juya ya gurfana a kan kujera da buta a hannu, yana miƙa hannu waje yana yayyafi, mota na tsalle, rabin ruwan na komawa cikin hannun rigarsa. Ba su yi mil biyu ba karatu ya dawo daga baya, daga daidai ayar da ya tsinke. Sodangi ya ji kamar ya saki sitiyari ya yi tafi. Can Hajjo ta dakata, ta ce wa ɗanta, wanda ba ta faɗin sunansa don ɗan fari ne, “Malam, ƙara ruwa wajen hagu. Kuma ka ce ma direba shi ƙara gudu.”

Ana kiran la'asar suka shiga Gwadabawa. Aka shigar da Hajjo, Malam ya bi ta. Sodangi ya zauna a gindin wata tsamiya yana hura yatsunsa da suka yi bororo, yana kasa kunne ko zai ji kuka. Bai ji ba. Washegari da hantsi aka fito aka ce Iyatu ta cika.

Bayan wannan, sunan motar ya tashi daga motar Malam ya koma motar asabari. Duk gidan da za a kai mace wani gari da rana, haihuwa ko gaisuwar mutuwa, sai a zo a roƙi Malam aronta da direbanta. Sodangi ya yi shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, motoci uku suka tsufa a hannunsa, kowacce Mode ne ya saƙa mata asabari. Direbobi na kawo masa motocinsu in ciki ya yi zafi ko ana jin wari, shi kuwa kafin ya taɓa sifana sai ya shiga ya zauna inda fasinja ke zama. Amma in hira ta yi daɗi, ba wannan yake ba da labari ba, ranar komowarsu daga Gwadabawa yake faɗa.

Bayan sadakar bakwai ne, da safe. Duk tsawon hanya Hajjo ba ta yi karatu da ƙarfi ba, shi kuma bai san yadda aka yi a cikin ɗakin nan ba, ba kuma hurumin direba ba ne ya tambaya. Abin ya tsaya masa a rai tun daga can har gida. Ya tsayar da mota a bakin zaure, maza suka juya baya, ya sunkuyar da kai yana jira ta fita. Sai ya ji muryarta dab da ƙeyarsa, ta bayan asabari. Ba ta taɓa yi masa magana baki da baki ba.

“Sodangi, ɗana. Na ishe ta da rai, kuma ta gane ni. Allah shi yi maka albarka.”

Sodangi ya riƙe sitiyari da hannu biyu har ta shige gida.