Tsohon da Ya Koya Mini Rufe Wuƙa a Kan Dabino

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. A shekarun alif ɗari tara da talatin ne, zamanin kumandan Faransa yana zaune a Gure, ina saurayi jini na tafasa, nake aikin hawan dabino a wani kwari da ke tsakanin tuddan rairayi wajen Gidigir. Mai garkar dabinon, Baba Kyari, dattijo ne Babarbare mara son wasa, mu huɗu ne ke yi masa aiki, kuma in ba yabon kai ba, duk na fi su saurin hawa.

Wata ranar kasuwar Gure na ga wani tsohon sojan Faransa da ƴar wuƙa mai naɗewa, ya buɗe ta ya rufe, ta yi ƙas! Nan take na ji duniya in ban mallake ta ba ba zan yi barci ba, ban bar wurin ba sai da na ba shi ɗan akuyana ya ba ni ita. Kai, ku zo ku ga yanga! Sauran abokan aikina kowa da wuƙarsa mai kube ɗaure a damtse irin ta kaka da kakanni, ni kuwa sai in zaro tawa daga aljihu ina yi musu dariya. Don tsoron kada ta faɗi ta ɓace cikin rairayi, na sa mata ƴar gajeriyar tsirkiyar fata, in zan hau sai in ɗaure ta tam a wuyan hannuna na dama.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, mai kube da hannu ɗaya ake mai da ita, tawa kuwa hannu biyu take so, ga ƙarfen bayanta da tsauri, kuma a kan dabino hannu ɗaya na itace ne. Na gwada rufe ta da hannu ɗaya a ƙasa sau biyu, na biyun ta datse mini ɗan yatsa har jini ya ɓata mini riga. Daga nan sai in jingina da igiyar hawa in saki hannu biyu in rufe. Baba Kyari ya gan ni, ya ce igiya ba uwata ba ce da zan sakar mata jiki haka, in nemi mai kube ko in nemi wani aikin. Na ce to, a zuci kuwa na ce tsoho ne, bai san kayan zamani ba.

Lokacin yankan dabino, ana zafi kamar a gasa mutum, rana ta take tsaka kowa ya gudu inuwa, ni kuwa idona na kan wata doguwar dabino can ƙarshen kwarin, mai nono biyu na ƴaƴa jajawur da kowa ke cewa ta yi tsawo. A wurinmu ba a hawa da tsakar rana, haka muka taras, ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Na ce yau sai sun tashi sun ga nonon nan a gabansu. Na ɗaure wuƙa, na zarga igiya, na haye kamar ƙadangare.

Na yanke nono na farko ke nan na sake shi ƙasa, sai na ji igiyar ta yi ɗas a bayana, ta zame ta tafi. Allah Ya taimake ni hannun hagu na riƙe da gindin wani reshe, ƙafafuna na kan kututturen itacen, amma a hannun dama fa ga wuƙa buɗe. In sauka dole in rungumi itacen da hannu biyu, in na sake ta kuwa tana ɗaure a hannuna, za ta yi ta lilo da kaifinta tsakanin wuyana da ƙirjina. Kunce tsirkiyar sai da hannu biyu, ni na ƙulla ta da kaina. Na yi ihu, kwarin ya haɗiye muryata. Ƙayar reshen ta shige tafina na hagu, na duba ƙasa na ga nonon da na yanke ya tarwatse, na ce haka kaina zai yi. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai na ji an yi gyaran murya daidai kunnena. Na juya, a kan dabinon da ke kusa da tawa, tsayinmu ɗaya, ga wani tsoho zaune cikin rassa hankalinsa kwance kamar yana kan tabarma. Hannunsa na hagu daga gwiwa babu, a damansa kuwa ga wuƙa irin tawa sak, buɗe.

Ya ce, da Hausarsa ta Barebari, “Samari, bar kallon ƙasa, kalle ni. Fid da yatsunka daga bakin ramin da kaifi ke shiga. Babban yatsa gefe guda, sauran gefe guda, ka matse ƙotar.”

Na yi yadda ya ce. Ya ɗora bayan wuƙarsa a kan cinyarsa, ya ce in yi haka, bayan ne ke taɓa jiki ba kaifi ba, in danna a hankali kada in yi fushi da ita. Na danna, ta ƙi, ya ce in matso da cinyar kusa da tsini, can ta fi laushi. Na matsa na danna, sai ga ta ta karyo ta tsaya rabi. Ya ce in sake duba yatsuna, na duba, ashe ƙaramin ya koma bakin ramin. Na janye shi. Muka danna tare, tawa ta yi ƙas, tasa ta yi ƙas.

Kai, daɗin da na ji! Na sake ta tana lilo a rufe, na rungume itacen, na fara zamewa ina dariya ina hawaye. Ina cikin sauka na ji ya ce daga sama, “Ka koya wa wani. Ni ban samu mai koya mini ba.”

Ƙafata na taɓa rairayi, ƙirji duk ya saɓule, na ɗaga kai in yi masa godiya. Jama'a, dabinon nan da yake zaune a kai ba ta da kai. Kututture ne busasshe tsaye, ba reshe ko ɗaya, kuma a gindinta babu sawun kowa sai nawa.

Na ruga na tashi Baba Kyari, na zayyana masa komai ina haki. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya tambaye ni wane hannu ne babu, na ce hagu. Sai ya ce in nuna masa yadda aka koya mini. Na ɗora a cinya na rufe, ya ce in ci gaba da aikina, amma kada in ƙara hawa da tsakar rana. Na yi ta tambayarsa ko wane ne, har ya bar duniya bai gaya mini ba.

Ni dai na cika alkawari, duk wanda na gani da irin wuƙar nan sai na tsai da shi na koya masa, yau ga shi na koya muku. Ku fid da yatsu daga bakin rami, bayan wuƙa a cinya, a hankali, kuma kada ku ɗaure wa hannunku abin da hannu ɗaya ba zai kunce ba. Wuƙar tana nan wurina, ta tsufa kamar ni. Sai dai ba na rufe ta in ni kaɗai ne, don har yau in ta yi ƙas, sai in ji wata ta amsa daga sama kaɗan da kaina.