Ruwan da Ya Biyo Kakata Gida

Jiya ɗana ya bar famfo yana zuba, sai kakata ta faɗo mini a rai.

A tsibiri aka haife ta, ɗaya daga cikin tsibiran da ruwan dam ɗin Kainji ya haɗiye. Ranar da aka jawo mana famfo a Yelwa, ta tara hannu, ta shinshina, ta kurɓa.

Na ce, "Kaka, warin magani yake."

Ta ce, "Rufe mini baki! Daga kogi aka jawo shi. Ta kan kabarin innata ya biyo, ya iske ni har gida."

Har ta rasu ba ta yarda ko ɗigo ya zuba a banza ba.

Na tashi na rufe famfon. Allah Ya shayar da ke ruwan Alkausara, Kaka.