Ranar da na bar tsohon ya gama magana

Abin da na shiga ofishin nan da shi ina iya lissafa shi da yatsu: shekara tara ina hulɗa da masana'anta guda, samfurin takalmin maza guda da na zana da hannuna, da alkawarin baki cewa ba wanda za a buga wa shi sai ni. Takalmin nan ne ya fitar da ni daga sahun masu yawo a Zhanxi Lu, titin 'yan sarin takalma na can ƙasarsu, suna sayen abin da kowa ke saye. A Kano duk mai son sa sai ya zo rumfata.

Mai masana'antar tsoho ne, sa'an mahaifina. Lawban muke ce masa, wato maigida. Ba ya jin Turanci, sai ta bakin akawunsa, wata mata mai 'ya'ya biyu da ke koyon Turancin a waya. Ita ta ɗauko ni daga filin jirgin Baiyun ranar. A mota na ji tana ta nanata kalma guda.

Na ce, "Me kike karantawa haka kamar mai hadda?"

Ta ce, "Interrupt." Ta nuna min wayar, kalmar a sama, bayani da rubutunsu a ƙasa. Wai darasin ya ce ana katse mutum, ana katse taro, har barci ana katsewa, amma da baƙo sai an fara da ban haƙuri. "Alhaji, in na katse ka yau kada ka ji haushi. Gwaji nake."

"Katse ni sau goma, in dai za ki katse Lawban sau ɗaya in ya zo kan farashi."

Ta yi dariya. "Ni? Shi ke biyana albashi. Kai ne baƙo, kai za ka iya."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Ni akasin haka aka koya min. Mahaifina dillalin fata ne. Sau ɗaya na taɓa tsoma baki wani dattijo na magana a rumfarsa. Bai dake ni ba, kwana uku ya yi bai dube ni ba. Tun daga nan nake barin babba ya dire kafin in ce nawa, kuma ɗabi'ar ta yi min rana a kasuwa. Mutum in ka bar shi ya yi ta zuba, da kansa zai faɗa maka ƙarshen farashinsa.

Muka zauna: tsohon, ɗansa, manajan aiki, ita da ni. Ya fara, tana fassarawa. Roba ta yi tsada. Ma'aikata sun ragu. Ƙarfen da ake zuba tafin takalmina a ciki yana zaune rabin shekara ba aiki. Wasu 'yan Maradi sun yi tambaya a kansa, har da wani ɗan garinmu.

Na gane inda ya dosa tun kafin ya kai rabi: so yake ya buga wa wasu takalmina. Amsata tana bakina: zan ninka odata, in sayi ƙarfen ya zama nawa. Amma bai gama ba. Ya ƙara min shayi, na buga yatsu biyu a tebur yadda suke godiya. Matar ta dakata, ta dube ni. Na kurɓi shayina. Ta ci gaba. Can ta sake dakatawa. Na gyaɗa mata kai ta ƙarasa.

Da ya dire, manajan ya rufe littafinsa, ɗan ya tashi da waya a kunne. Sai lokacin na gyara zama na faɗi tayina, dalla-dalla, cikin ladabi. Tsohon ya saurara, fuskarsa a rufe. Ya ce, "Mayo." Wannan ba sai an fassara min ba: babu.

A bakin matakala akawun ta tare ni, ranta ya fi nawa ɓaci.

"Sau biyu na buɗe maka hanya, Alhaji."

"Babba ne. Yana magana."

"Yana jiran ka shigo ne! A tsakiya shawara ce, kowa na iya sa baki. Da ya kai ƙarshe a gaban ɗansa da manajansa, ta zama hukunci. Yanzu so kake ya janye a gabansu?"

Na koma sau uku. Kowane zuwa ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni shayi, ya tambayi iyalina. Maganar ƙarfe kuwa ta rufe.

Kafin babbar sallah takalmina ya cika Kano da Maradi a hannun mutum shida, kowa na karya wa ɗan'uwansa farashi. Har yanzu ina saye a wurin tsohon, a layi ɗaya da su. Ya taɓa gaya wa akawun cewa a duk baƙin da yake hulɗa da su ba mai tarbiyyata. Ta kawo min saƙon, kanta a sunkuye.

To, ga lissafin. Na rasa samfurin, na rasa abin da ya bambanta rumfata da ta maƙwabcina, na dawo yawo a Zhanxi Lu da furfura. Abin da na samu yabon tsoho ɗaya, da kalmar Turanci guda wadda aka karanta min a mota awa biyu kafin in buƙace ta.