Malama Naomi da Gyaɗar Cin Gida

Kullum da hantsi, in Malama Naomi Jatau ta shiga ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da muke aiki a Gusau, sai ta fara zazzage jakarta a kan tebur. Babu hoda babu madubi. Ƙulle-ƙullen gyaɗa ne a leda, kowanne da sunan gidan da aka karɓo shi, wannan daga Tsafe, wancan daga Bungudu. Sai ta gama gwajin jinin marasa lafiya sannan ta juya kansu. Muka sa mata suna Mai Gyaɗa, kuma ba zan ɓoye ba, da ni aka yi dariyar. Mace ta je jami'a ta karanci ƙwayoyin halittar jiki, ta dawo tana bin gidaje tana roƙon ruɓaɓɓiyar gyaɗa!

Na taɓa tsokanarta a kan haka, ta zaunar da ni. Ta ce ƙwayoyin jiki saƙo suke aika wa juna, wannan ya ce "hayayyafa", wancan ya ce "tsaya haka nan". Ciwon daji shi ne ƙwayar da ta daina jin "tsaya". Fumfunar da ke kama gyaɗa a rumbu tana da dafi, in hanta ta zo sarrafa shi sai ya toshe wa ƙwayoyinta kunne. Tuya ba ta kashe shi, dahuwa ma haka.

Abin da ta gano bayan shekaru tana tarawa ya ba ni tsoro. Matanmu kan zauna su tsince gyaɗa tsaf, mai kyau ta tafi kasuwa. Ƙanjamammiyar da baƙar kuwa, tunda zubar da abinci zunubi ne, sai a ce ta cin gida ce, a yi ƙuli-ƙuli da miya da ita. Gidan da ya fi tsinta da tattali, shi ya fi kwasar dafin.

A 1997, 'yan shekaru kaɗan da suka wuce, abin ya shigo gidanmu. Hamidu, mijin ƙanwata Saude a Bungudu, ya rasu ciki a kumbure, ido rawaya kamar ɗorawa ta rine shi. Ya bar yara uku suna ci daga tukunyar da ya ci. Bayan arba'in na ɗauki Malama a babur muka je. Ta yi bayani, ta roƙi Saude ta daina dafa gyaɗar cin gida. Saude ta ce ita ba ta zubar da arzikin Allah, haka ta taras uwarmu na yi. Can sai ta dubi ƙwaryar gyaɗar da ke gabanta.

"Malama, gaya min tsakaninki da Allah. Ni nak kashe shi?"

Na yi ta ƙifta wa Malama ido ta ce a'a. Ta ƙi kallona. Daga baya na gane dalili: in ta ce a'a, gobe gyaɗar nan tana cikin miyar yara. In ta ce e, ta karya mace mai takaba har abada.

Ta kama hannunta ta ce, "Inna Saude, Hamidu yana da tsohon ciwon hanta tun kafin ki aure shi, na gani a jininsa. Ko gyaɗar ta ƙara masa, Allah ne masani, ni ban sani ba. Abin da na sani, kwanaki na gwada yaranki uku, hantarsu lafiya lau. Lafiyar tasu a hannunki take."

Saude ta yi kuka mai isarta. Sannan ta miƙe da ƙwaryar za ta watsa wa awaki. Malama ta ce ko su kada a ba, dafin yana bi ta nono. A bayan gida aka haƙa rami aka zuba gyaɗar, Saude da kanta ta rufe shi. Yau ita ke shiga gidajen suna da biki tana cewa, "Ku bar ba ɗiyanku abin da kunka ji kunyar kaiwa kasuwa."

Malama Naomi, ke ce mai gaskiyar da ba ta karya zuciya. Ke ce kika sha rana daga Wonaka zuwa Kwatarkwashi, ba wanda ya aike ki, muna yi miki dariya kina gaishe mu. Watan gobe za ki ajiye aiki, kuma na san babu makaɗin da zai zo. Na gode, kuma ki yafe mini.

Masu ilimin cikinmu, ku fito daga ofis ku shiga tsakar gida yadda ta shiga. Amma ku sani babu layin masu godiya a wannan aikin. Yaran Saude suna can suna kokawa a ƙofar gida, ba su san an cece su daga komai ba, domin ko sau ɗaya ba su kwanta ciwon ba.