Ranar da Aka Ƙi Cin Kwanona

Ranar Litinin ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a watan Oktoban 1979, Baba ya sa aka yanka zakara a gidanmu na Mandawari. Jam'iyyarsa ta sha ƙasa a Kano amma ta ci kujerar shugaban ƙasa, kuma kaf lungunmu shi kaɗai ne ɗanta. Ya fito da rediyonsa ƙofar gida ya ƙure masa murya, don kada maƙwabta su ce ba su ji ba. Ni ina ɗan shekara goma, ba ruwana da siyasa, abin da na sani kawai yau kwanona ne zai yi fice a wurin ciyayya. Ana idar da sallar magariba na ɗauki dafa-duka da cinyar zakara a kai, na nufi soron maƙwabcinmu Malam Tanko, inda muke haɗuwa, ina taku ɗai-ɗai kamar ango.

Mu shida ne sa'annin juna. Tare muke kai niƙa, tare muke bin layin famfo, tare muke shan bulala a makarantar allo, in an tashi mu yi langa har ƙafa ta gaji. Da yamma kowa ya kawo abincin gidansu, mu zauna a tabarma ɗaya, a buɗe kwano a cinye kafin a buɗe na gaba. Muna da dokokin da ba wanda ya taɓa zama ya tsara su: ba a kushe miyar uwar wani ko da tsululu ce, ba a ɓoye nama a kumatu, wanda ya makara kuma a rage masa. Ɗanlami, babbanmu mai bakin tsiya, shi ke zaɓen kwanon da za a fara. In wani yaro ya zo wucewa mukan ce masa "bismilla", ya ci ya tashi, amma wannan bai sa ya zama namu ba. Namu shi ne wanda ake cin nasa.

Ran nan aka cinye tuwon kowa tas. Da aka zo kan nawa na buɗe, ƙamshi ya cika soron, sai na ga duk hannuwa sun koma kan gwiwa. Ɗanlami, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Babanmu ya ce kada mu ci abincin murnar faɗuwarmu." Washegari na kawo tuwo da miyar kuka irin na kowa, shi ma ba a taɓa ba. Ba su kore ni ba, da sun kore ni ma da na yi kukana na huta. Sukan matsa mini wuri, su tura kwano gabana su ce "bismilla", kamar yadda muke yi wa mai wucewa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na zaman tabarmar nan ba.

Nakan laɓe a soron gidanmu in tuttura abin da cikina zai ɗauka, don kada Inna ta gane. Ashe ta gane tuni. Wata rana ta karɓi kwanon ta leƙa, ta ce, "Kwanon da hannu shida ya shiga, ai ko wanki ba ya nema." Daga ranar ta koma zuba mini na mutum ɗaya, ni kuma na daina fita.

Bayan 'yan shekaru soja suka dawo, jam'iyyu suka watse, Baba da baban Ɗanlami suka koma raba goro a ƙofar masallaci kamar ba a yi ba. Mu ne lokaci ya ƙure wa, wani ya tafi makarantar kwana, wani ya shiga kasuwar Kurmi, ciyayya ta mutu ban koma ba.

Yau a bayan ganuwa nake zaune, 'ya'yana kowa da farantinsa da wayarsa, ba su san daɗin jiran hannun wani ba, balle ciwon rashinsa. Kwanakin baya na gamu da Ɗanlami a wurin wata ta'aziyya, gemu duk furfura. Ya rungume ni da murna ta gaskiya, ya ce, "Kai mutumina, me muka yi maka ne ka guje mu tun muna yara?" Na yi dariya na bar shi a haka. Ashe wanda aka ware ne kaɗai ke tuna ranar.