Tirelar da ta tafi farauta da rago

Muna tsaye wurin masu sayar da dabbab, babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, Ammu Bakur yana duba taya, ni kuwa ina auna tirelar da zai ja da taku. Farkon zuwana Madina ke nan aikin kantin magani, shekara ashirin da wani abu da suka wuce.

Ni jikan mafarauci ne. Na zaɓi tirelar da za ta ɗauki barewa uku a kwance. Kafin in fito ma sai da na sa mai ɗakina ta kwashe komai daga firiza.

Ammu Bakur, maƙwabcina haifaffen unguwar Harra, ya gyaɗa kai.

"Zain, ya yi kyau, ya Daktor. Rago zai shiga."

Na ce, "Ammu, akwai ragon daji a nan?"

"La, a'a, na kasuwa. Da shi za mu tafi. Da shinkafa, da itace, da darduma, da butar gahawa."

"To naman farautar fa?"

"Insha Allah."

Muka fita can bayan iyakar Harami, inda farauta ta halatta. Kwana biyu ina keta yashi da dabbab. Zomo ɗaya muka gani, shi ma ya gan mu.

Ragon dai mun cinye shi tas. Tirela ta dawo da tukwane.

Mai ɗakina ta buɗe firiza, ta dube ni, ta rufe. Har yau kallon nan shi ya fi ciwo.

Mafarautan gidan nan, ku tirelarku tafiya take da nama ko dawowa?