Farantin Gidan Ammu Nabil

Wata Asabar a cikin azumin shekarar da na cika tara, ina goge wa Mama kubewa, aka buga mana ƙofa a unguwar Cheetham Hill da ke Ingila. Na buɗe na ga wani dogon Balarabe cikin kwat, riƙe da farantin tagulla cike da sambusa, 'yarsa tana leƙe ta bayansa. Sabon maƙwabcinmu ne, Ammu Nabil (ammu baffa ke nan da Larabci), jami'i a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu. Yarinyar ita ce Lina.

Mama kuwa, ai ba a ba ta kunya. "Kwano ba ya komawa gida da yunwa," in ji ta. Washegari ta cika farantin da waina, ta ɗora min. Matar Ammu ta mayar da shi da dabino, mu muka mayar da alkaki. Haka farantin nan ya riƙa zirga-zirga, ni ce 'yar aike, kuma da shi nake samun izinin zuwa wurin Lina. A bayan gidansu muke zana 'yar gala-gala da alli, in ruwa ya sauko mu shige gareji mu hau kwalayen da ba a taɓa kwancewa ba.

Ƙasashe huɗu Ammu ya yi aiki kafin Ingila, kowane ɗansa da ƙasar da aka haife shi. Aikin nasa ba liyafa ba ce kamar yadda Baba yake tsokanarsa. Ɗalibi ya yar da fasfo, shi ne. Ɗan ƙasarsu ya rasu a asibiti a Birmingham, shi zai tuƙa mota ya je ya tsaya har a sa gawar a jirgi. Na'a-na'arsa ma a tukwane yake shukawa. Da Baba, wanda likita ne, ya tambaye shi dalili, sai ya ce, "Likita, wanda ake kira da waya ba ya shuka a ƙasa."

Da ƙaramar sallah ta shekara ta uku, farantin ya zo mana maƙil da baƙalawa, alkakin Larabawa, har da barbaɗin gyaɗarsu mai tsada, fistak. Mama ta dube shi ta ce wannan ya fi ƙarfin waina, sai dambun naman da Kawu zai kawo daga Kano. Ta kuma hana ni leƙa gidan hannu rabbana, kada a ga kamar mun riƙe musu faranti. Ga hutun makaranta, ba inda zan ga Lina. Na yi kuka, na yi magiya, Mama ko gezau.

Ranar da Kawu ya sauka a Small Heath ta Birmingham, muka ɗunguma can karɓo dambu, muka kwana biyu. Da muka dawo, labulen gidan Ammu a cire, gareji wayam. Tsohuwar da gidanta ke kallon namu ta ce an yi masa canjin gaggawa, sun yi ta buga ƙofarmu. A bakin ƙofar ga tukunyar na'a-na'a sun ajiye. Mama ta zauna a matakala da ledar dambu a cinya.

Yanzu ina unguwar Handsworth, ban san sunan maƙwabcin jikin bangona ba, abinci kuwa a roba yake zuwa, a ci a jefar. Na'a-na'ar na dasa ta a ƙasa, ta cinye rabin lambun. Lina ban sake jin ɗuriyarta ba, kuma ina kewarta. Farantin yana saman kabad ɗina, har yau mu ne da mayarwa.